Saman Huda da Jikokinsa: Labarin Daular Samaniyawa

 

Yau za mu yi tafiya mai nisa zuwa gabas, can bayan Makka, can bayan Bagadaza. Akwai wani gari da kusan kowane malami na ƙasarmu ya san sunansa, ko da bai taɓa taka shi ba. Sunan garin Buhara. Daga nan ne Imam Buhari ya samu sunansa, mai littafin hadisin nan da ake karantawa a zaurukan malamai na Damagaram da Maradi da Tawa da Yamai. Cikinku ma akwai masu ɗa ko ƙane da ake kira Buhari.

To, garin nan ya taɓa zama babban birnin wata daula. Ana ce mata daular Samaniyawa. Tushenta mutum guda ne, wani basarake mai gonaki, wanda ya bar addinin kakanninsa ya shiga Musulunci. Za mu duba abu uku. Wane ne mutumin? Ta yaya zuriyarsa ta samu mulki? Kuma mene ne ya raba ta da shi?

INA ƘASAR TAKE?

A tsakiyar nahiyar Asiya akwai wani babban kogi da ake kira Amu Darya. Larabawa na ce mishi Jaihun. Ƙasar da ke kudu da kogin sunanta Hurasan, manyan garuruwanta su ne Marw, Balh, Harat da Nishapur. Ƙasar da ke ƙetaren kogin kuwa, Larabawa sun sa mata suna da ke nufin Bayan Kogi. A nan ne Buhara da Samarkand suke. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kamar kilo 270 ce, wato ta ɗan zarce tafiyar Maradi zuwa Damagaram. Yau Buhara da Samarkand suna cikin ƙasar Uzbekistan, Balh da Harat suna Afganistan, Nishapur tana Iran, kangon Marw kuma yana Turkmenistan.

Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, hamada na kewaye da ita. Noman can na ban-ruwa ne. Ana jan ruwan kogi ta magudanu zuwa gonaki. Saboda haka wanda ke riƙe da ƙasa da ruwa, shi ke riƙe da mutane.

Masu riƙe da ƙasar ana ce musu dihkan. Dihkan kamar hakimi yake a wurinmu. Ya gaji gonaki da ƙauyuka daga kakanni, yana da gidan ganuwa, yana da mahaya dawaki. Shi ke tara haraji, wanda muke ce ma bodo, ya kai ma sarki. Yawancin dihkanai a lokacin Majusawa ne, mabiya addinin Zardusht, masu girmama wuta a ɗakunan ibadarsu.

A shekara ta 651 aka kashe sarkin Farisa na ƙarshe, Yazdigird, kusa da Marw. Daularsa ta rushe, Larabawa suka karɓe Hurasan. Bayan shekaru fiye da 50, wani sarkin yaƙi mai suna Ƙutaiba ɗan Muslim ya ƙetare kogi. Ya ci Buhara a 709, ya ci Samarkand a 712. Amma cin gari dabam, juya zukatan mutane dabam. Larabawa ba su da yawa, ba su jin harshen ƙasa, ba su san gonaki ba. Dole suka bar dihkanai a kan aikinsu na tara haraji.

MUSULUNTAR SAMAN HUDA

Cikin dihkanan nan akwai wani da ake kira Saman Huda. A harshen Farisa wannan laƙabi ne, ma'anarsa mai garin Saman, kamar yadda muke cewa mai gari. Mutumin yankin Balh ne. Zuriyarsa na cewa asalinsu daga Bahram Cubin ne, wani sarkin yaƙin Farisa da ya taɓa ƙwace gadon sarauta a shekara ta 590.

Wani malamin Buhara mai suna Narshahi ya rubuta tarihin garinsu wajen shekara ta 943, kuma shi ya ba da labarin abin da ya faru. Abokan gaba sun kori Saman daga Balh. Ya gudu zuwa Marw, wurin gwamnan Hurasan na daular Umayyawa, Asad ɗan Abdullahi al-Ƙasri. Asad ya yi gwamna sau biyu, daga wajen 724 zuwa 727, sa'an nan daga wajen 735 har rasuwarsa a 738. An san shi da girmama manyan gidajen ƙasa, na Larabawa da na Farisawa. Ya karɓi Saman hannu biyu, ya taimake shi a kan maƙiyansa, ya maida shi gidansa. A hannun wannan gwamna ne Saman ya musulunta. Da aka haifa mishi ɗa namiji, ya raɗa mishi suna Asad, don tunawa da wanda ya yi mishi rana.

Kada mu ɗauka shiga Musulunci a wancan zamani abu ne mai sauƙi. Wanda ba Musulmi ba yana biyan jiziya, wato kuɗin kai. Bisa ƙa'ida, in ya musulunta sai a ɗauke mishi. Amma baitulmali ba ya son asara. Wajen shekara ta 728 wani gwamna ya yi alkawarin ɗauke jiziya ga duk wanda ya musulunta a yankin Samarkand. Mutane suka shiga da yawa, kuɗin haraji ya ragu, sai hukuma ta saɓa alkawari ta ci gaba da karɓa. Ƙasa ta yamutse da tawaye. Ba a gyara tsarin harajin ba sai wajen 739.

Ga basarake kamar Saman, maganar ta fi ta kuɗin kai. Barin addinin iyaye na iya raba shi da dangi da limaman wuta. Ta wani gefen kuma, musulunta a hannun gwamna na ƙulla zumunta tsakanin gidaje biyu, kuma tana buɗe ma ƴaƴansa ƙofar aikin daula. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Kakan mahaifin Imam Buhari, mai suna Mugira, shi ma ɗan Bamajushe ne, kuma a hannun wani gwamnan Buhara ya musulunta. Haka Musulunci ya shiga ƙasar, gida bayan gida, cikin shekaru masu yawa.

Saman bai zama sarki ba. Ɗansa Asad ma bai zama sarki ba. Abin da suka yi shi ne riƙe gonakinsu, da riƙe mutuncinsu wurin talakawa da wurin hukuma. Sannu ba ta hana zuwa.

ƳAƳAN ASAD SU HUƊU

A shekara ta 750 Abbasiyawa suka kawar da Umayyawa, kuma daga Hurasan ne rundunarsu ta taso. Wajen 806 wani mai suna Rafi ɗan Laisu ya yi tawaye a Samarkand. Ƴaƴan Asad suka tsaya bayan halifa, suka taimaka wajen kwantar da fitinar. Halifa Ma'amun, ɗan Haruna Rashid, ya daɗe zaune a Marw, ya san su. A shekara ta 819 ya ba da umarni a saka musu. Aka ba Nuhu Samarkand. Aka ba Ahmadu kwarin Fargana. Aka ba Yahaya Shash, inda birnin Tashkent yake yau. Aka ba Iliyasu Harat.

Daga wannan shekara ce masu tarihi ke fara ƙidayar mulkin Samaniyawa. A lokacin su ƙananan gwamnoni ne, suna ƙarƙashin babban gwamnan Hurasan. Reshen Harat bai ɗore ba. Nuhu da Yahaya suka rasu, ƙasashensu suka koma hannun Ahmadu. Da Ahmadu ya rasu wajen 864, babban ɗansa Nasru ya gaje shi a Samarkand. A 875 halifa ya aiko ma Nasru takardar naɗi a kan ƙasar Bayan Kogi duka.

ISMA'ILA DA WANSA

Buhara a lokacin tana cikin rikici, ba ta da mai riƙo. Manyan gari suka nemi Nasru ya aiko musu da wani. A 874 ya aika ƙanensa Isma'ila, saurayi mai shekara kamar 25. Isma'ila ya shiga gari ba da runduna ba. Ya jawo malamai a jika, ya murƙushe ƴan fashin da suka dami manoma.

Ba a jima ba wa da ƙane suka saɓa a kan kuɗin harajin da Buhara za ta riƙa aika ma Samarkand. Magana ta kai ga yaƙi. A 888 Isma'ila ya ci nasara, aka kama Nasru. Ku saurari abin da ya yi. Bai kashe wansa ba, bai ɗaure shi ba. Ya sauka daga doki ya gaishe shi gaisuwar ƙane ga wa, ya maida shi Samarkand da sarautarsa. Nasru ya ci gaba da zama babba har ya rasu a 892. Sai a lokacin Isma'ila ya karɓi mulkin ƙasa duka, ya mai da Buhara babban birni.

A 893 ya kai yaƙi arewa, ya ci garin Talas na Turkawa, iyakar ƙasa ta samu kwanciyar hankali. Akwai wata doguwar ganuwa da ta kewaye ƙauyukan Buhara, wadda ake tilasta ma talakawa gyaranta kowace shekara. Isma'ila ya ɗauke musu wannan aikin tilas, ya ɗauki tsaronsu a wuyansa.

Babbar jarrabawa ta zo a shekara ta 900. Wani sarki mai ƙarfi daga kudu, Amru ɗan Laisu, ya samu takardar halifa a kan ƙasar Bayan Kogi, ya taso da runduna. Aka gwabza kusa da Balh, ƙasar kakan Samaniyawa. Isma'ila ya ci nasara, ya kama Amru, ya aika da shi Bagadaza. Halifa ya ƙara mishi Hurasan. Ke nan ɗan jikan mutumin da aka kora daga Balh ya zama mai mulkin Balh da duk abin da ke kewaye da ita. Isma'ila ya rasu a 907.

Ku lura da abu guda. Samaniyawa ba su taɓa kiran kansu halifofi ba. Laƙabinsu amir. Ana ambaton halifan Bagadaza a huɗubar Juma'a, ana buga sunansa a kan kuɗi. Amma haraji da soja da naɗin alƙalai duk a hannunsu suke.

DAGA INA DUKIYA TA FITO?

Na farko noma: alkama, sha'ir, auduga, inabi da kankana. Na biyu fatauci, don ayarin da ke tsakanin Sin da Bagadaza ta nan yake bi. Na uku sana'a. Saƙar Buhara ta yi suna, haka takardar Samarkand, wadda ake yi da tsumma, ta fi fatar rubutu araha nesa ba kusa ba. Na huɗu azurfa, da ake haƙowa a duwatsun yankin Shash da na Panjshir.

Da azurfar nan suka buga dirhami mai yawan gaske. Fatake na kai shi arewa, bakin kogin Volga, su sayo fatun dabbobi masu gashi, da zuma, da kakin zuma, da bayi. A zamaninmu an tono dubban dirhamin Samaniyawa a Rasha da Suwidin, musamman a tsibirin Gotland. Manomi na huɗa a ƙasar ƙanƙara, sai garmarsa ta turo kuɗi mai sunan Samarkand da rubutun Larabci.

Ba za mu ɓoye maganar bayi ba. Cinikin mutane babban tushen kuɗin daular ne. Ana kamo samarin Turkawa daga jeji ko a sayo su, hukuma na karɓar kuɗi a kan kowane bawa da za a ƙetarar da shi kogi. Waɗansu ana kai su Bagadaza, waɗansu amir na riƙe su ya horar da su aikin soja. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Zamanin Nasru na biyu, daga 914 zuwa 943, an gina ofisoshin gwamnati 10 a dandalin ƙofar fada. Akwai na waziri, na baitulmali, na wasiƙu, na gidan waya, na alƙalai, da na mai duba mudu da ma'auni a kasuwa.

ADDINI ƊAYA, HARSHE BIYU

Ga abin da ya fi sa ake tuna Samaniyawa. Larabci shi ne harshen addini da na ilimi, kuma sun riƙe shi da daraja. Amma jama'ar ƙasa Farisanci suke ji. Samaniyawa ba su ga dalilin da zai sa Musulmi ya yar da harshen uwarsa ba. Aka riƙa rubuta Farisanci da baƙaƙen Larabci, aka ƙara waɗansu baƙaƙe don sautin da Larabci ba shi da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kalmar ajami da muke kiran rubutun Hausa da baƙaƙen Larabci daga kalmar ajam ta fito, sunan da Larabawa ke kiran waɗanda ba Larabawa ba, musamman Farisawa.

A fadar Nasru na biyu akwai mawaƙi mai suna Rudaki, wanda ya rasu wajen 941. Ana ɗaukarsa uban waƙar Farisanci. Zamanin Mansur ɗan Nuhu, daga 961 zuwa 976, wazirinsa Bal'ami ya fara juya babban littafin tarihin Ɗabari zuwa Farisanci a 963. Amir ɗin ya kuma so a juya tafsirin Alƙur'ani na Ɗabari, don karanta shi da Larabci na ba shi wuya. Bai yi gaban kansa ba. Ya tara malaman Buhara da Samarkand da sauran garuruwa ya tambaye su ko ya halatta. Suka ba da fatawa cewa ya halatta, aka yi aikin. Wannan fassara tana cikin mafi tsufan fassarorin Alƙur'ani da suka kawo zamaninmu. Wajen 977 kuma, a garin Tus, wani ɗan gidan dihkanai mai suna Firdausi ya fara waƙe tarihin sarakunan Farisa cikin littafin Shahnama. Ya gama a 1010, bayan daular ta faɗi.

Akwai kuma labarin wani yaro, Ibn Sina, da aka haifa wajen 980 a wani ƙauye kusa da Buhara. Yana da shekara kamar 17 aka kira shi cikin likitocin da za su duba amir Nuhu ɗan Mansur. Da amir ya samu sauƙi, ladan da yaron ya roƙa shi ne izinin shiga ɗakin littattafan fada. Ya tarar da ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da fanninsa, littattafai jibge cikin akwatuna. Wannan yaro shi ya rubuta littafin likitanci mai suna Alƙanun, wanda aka karantar a makarantun Turai har ƙarni na 17.

YADDA DAULAR TA FAƊI

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko ta fito daga cikin fada. A 914 bayin amir Ahmadu ɗan Isma'ila suka kashe shi a kan gadonsa, aka naɗa ɗansa mai shekara 8. Daga nan sarakunan yaƙi, yawancinsu Turkawan da aka sayo suna yara, suka gane ƙarfinsu. Suna naɗa wanda suke so, suna tuɓe wazirin da ba su so. A 961 wani cikinsu, Alp Tigin, ya sha kaye a rikicin gadon sarauta. Ya kwashi mutanensa ya tafi Gazna, cikin Afganistan ta yau, ya kafa nasa mulki. Gwamnonin Hurasan ma suka daina aiko da haraji yadda ya kamata. Baitulmali ya rame, aka ƙara ma talakawa nauyi, zukatansu suka yi sanyi.

A arewa kuma akwai Turkawa makiyaya da ake kira Karahaniyawa. Dā Samaniyawa na yaƙarsu da sunan jihadi, don ba Musulmi ba ne. Amma fatake da malamai daga ƙasar Samaniyawa sun yi ta shiga cikinsu. Sarkinsu Satuk Bugra Han, wanda ya rasu wajen 955, ya musulunta, jama'arsa suka bi. A 992 suka shiga Buhara, sarkinsu ya kamu da ciwo, suka janye. Amir Nuhu ya nemi taimakon mutanen Gazna a kan gwamnoninsa masu tawaye. Suka taimake shi, amma ladansu Hurasan ce. Mahmud na Gazna ya riƙe ta bai saki ba.

A 999 Karahaniyawa suka komo. Masu huɗuba na fada suka hau mumbari suna kiran jama'a su fito su kare daula. Mutane suka je wurin malaman fiƙihu neman shawara. Malamai suka nuna musu cewa masu zuwa Musulmi ne, faɗan kuma na neman duniya ne tsakanin sarakuna, bai kamata talaka ya ba da jininsa a kai ba. Jama'a suka zauna gida. Aka shiga Buhara ba tare da yaƙi ba, aka kama amir Abdulmalik da danginsa. Wani ƙanensa, Isma'ila Muntasir, ya kuɓuce ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a 1005. Daga 819 zuwa 999, shekara 180 ke nan.

Ku dubi wannan al'amari. Musulunci ne ya buɗe ma gidan Saman ƙofar mulki. Da maƙwabtansu suka musulunta, sai hujjar da suke tara jama'a da ita ta ƙare. Abin da zai sa talaka ya tsaya musu a ranar shi ne adalci da sauƙin haraji, kuma waɗannan sun riga sun yi rauni.

ABIN DA YA RAGE

A Buhara har yau akwai hubbaren Samaniyawa, ɗaki mai kusurwa huɗu, kowane gefe kamar mita 10, da ƙubba a bisa. Da jan bulo aka gina shi, an jera bulon kamar saƙar tabarma. Ƙasa ta binne yawancinsa shekaru aru-aru, aka tone shi aka gyara a shekarun 1930. A 1993 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Buhara cikin kayan tarihin duniya.

Mutanen Tajikistan, masu jin wani reshe na Farisanci, suna ɗaukar Isma'ila uban ƙasarsu. Kuɗinsu tun shekara ta 2000 sunansa somoni. Dutse mafi tsawo a ƙasarsu, mai mita 7,495, an sa mishi sunan Isma'ila a 1998. Ya ninka dutsen Bagzan na Abzin fiye da sau 3. Harshen da Rudaki ya yi waƙa da shi kuma, yau miliyoyin mutane ke karatu da rubutu da shi a Iran da Afganistan da Tajikistan.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a tsakaninku in kun taru. Me ya sa Larabawa suka bar dihkanai a kan aikinsu? Mene ne Isma'ila ya samu da ya ƙyale wansa? Me ya hana mutanen Buhara fitowa a shekara ta 999? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar ƙungiya, wanda bai iya ba tukuna ya faɗi tasa da baki.